Na haddace taƙaitaccen bayani kaf, amma E8 na ci a Adabin Turanci

Assalamu alaikum, Anti. Ina ajin ƙarshe na sakandare, bana zan zana WAEC da NECO. Tun ina firamare burina in zama lauya, kuma an ce mana ba a ɗaukar mutum karatun shari'a sai da kiredit a Adabin Turanci. To, nan gizo ke saƙar. Malamin da ke ɗaukar mu darasin ya bar makarantar tun zangon da ya wuce, har yau ba a kawo wani ba. Na sayi ɗan littafin nan da ya taƙaita dukkan littattafan da waƙoƙin, na haddace shi kusan kaf, amma da aka yi jarrabawar gwaji E8 na ci, alhali na cika takarda fal da rubutu. Shekisfiya kuwa, ko layi uku na karanta sai kaina ya ɗau zafi. Waƙoƙin ma ban san inda suka dosa ba. Ga Baba, kullum ya gan ni da littafin labari sai ya ce in ajiye tatsuniya in kama karatu. Saura wata huɗu. In haƙura da lauyancin in nemi wani kwas, ko akwai dabara?

Ƙanwarki daga Zariya

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki haƙura. Wata huɗu ya isa, amma da sharaɗi guda: ki sauke ɗan littafin nan na taƙaitawa daga kujerar da kika ɗora shi. Shi ya kai ki E8, ba rashin ƙwaƙwalwa ba. Yarinyar da ta iya haddace littafi sukutum ba daƙiƙiya ba ce, hanya kawai aka ɓatar mata.

Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma irin takardarki na san ta tun kafin in buɗe. Shafi huɗu cif, rubutu tsaf kamar an buga da inji, labari tun daga farko har ƙarshe babu abin da aka tsallake. Sai in kai ƙarshe in koma in duba tambayar, in ga ba a taɓa ta ba ko da yatsa. An tambayi ɗaliba ra'ayinta a kan halin mutum ɗaya, ita kuma ta zauna ta ba ni labarin garin gaba ɗaya. Wanda zai duba takardarki ya san labarin, ya karanta shi fiye da sau goma, kuma a gabansa akwai tarin takardu da suka maimaita masa shi. Abin da yake nema shi ne ɗalibar da ta ji tambaya, ta tsaya a kanta, ta kawo hujja daga cikin littafin. Rahotannin manyan masu duba jarrabawa da WAEC ke sakawa a shafinta na intanet sun sha kuka da waɗannan abubuwa biyu: zuba labari maimakon amsa tambaya, da dogaro da taƙaitawa maimakon littafin kansa. Ki nema ki karanta, kyauta ne.

Bari in fara rage miki tsoro da lissafi, don na lura yawancin ɗalibai ba su san girman abin da suke tsoro ba. Jarrabawar WAEC ta wannan darasi takarda uku ce. Ta ɗaya tambayoyin zaɓi ne guda 50 cikin awa ɗaya: 20 a kan sanin adabi gaba ɗaya, 5 a kan wani zube da ba ki taɓa gani ba, 5 a kan wata waƙa da ba ki taɓa gani ba, sai 20 a kan wasan Shekisfiya. Ta biyu ta ƙagaggun labarai ce, awa ɗaya da minti 15, ki amsa tambaya ɗaya a labarin Afirka, ɗaya a na waje, maki 50. Ta uku awa biyu da rabi, maki 100, amsa huɗu: wasan kwaikwayo na Afirka, na waje, waƙar Afirka, waƙar waje. Ki tara, maki 200 ne, kuma 150 daga ciki suna kan dogayen amsoshi shida. Kowace amsa tana da minti 37 da ɗan ɗoriya. Shekisfiyan da ke hana ki barci maki 20 ne kacal, kashi ɗaya cikin goma, kuma ba a ce ki rubuta masa doguwar amsa ba.

Sannan a kowane sashe littafi biyu aka ajiye, ɗaya kike buƙata. Wato labari biyu, wasa biyu, Shekisfiya, da waƙoƙi goma sha biyu. Littafi biyar a wata huɗu. Na tabbata kin taɓa cinye littafin Hausa mai juzu'i uku a mako guda a waya, har ana kiran ki cin tuwo kina cewa ana zuwa. Abu ɗaya da za ki yi gobe-goben nan: ki sami manhajar da hukumar ta fitar, ki gwada ta da littattafan da ke hannunki. Ana sauya jerin littattafan duk bayan shekara biyar, sabon jeri ya fara daga 2026, kuma har yanzu tsofaffin taƙaitawa na jerin da ya wuce suna kan teburan masu sayar da littattafai. Ta yiwu ma wani ɓangare na abin da kika haddace ba ya cikin abin da za a tambaya.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu. Kin iya nazarin adabi tun tuni, ba ki dai san sunansa ke nan ba. Ranar da kuka gama kallon wani fim ke da ƙawayenki, ɗaya ta ce uwar mijin nan muguwa ce, ke kuma kika ce a'a, tsoron kada a raba ta da ɗanta ne, ba ki ga yadda ta yi ba lokacin da ya ce zai tashi daga gidan? To wannan shi ne. Kin faɗi ra'ayi, kin kawo wurin da abin ya faru, kin bayyana abin da yake nufi. Amsar da ake ba A1 ke nan, sai dai da Turanci kuma a tsare.

Mu gwada da The Marriage of Anansewa na Efua Sutherland, marubuciyar Ghana, wanda aka buga a 1975. Ananse gizo-gizo ne a tatsuniyoyin ƙabilar Akan ta Ghana, ɗan'uwan Gizonmu na Ƙoƙi, uwa ɗaya uba ɗaya wajen wayo da kwaɗayi. A wasan, talauci ya ishe shi, ko kuɗin makarantar 'yarsa ya gagara, sai ya sa wa sarakuna huɗu rai da aurenta, kowanne yana aiko da alheri ba tare da sanin sauran ba. Da suka tashi zuwa a lokaci guda don a tsayar da magana, sai ya sa yarinyar ta yi mutuwar ƙarya. 'Yan aiken ta'aziyya suka riƙa zuwa, bakin kowanne yana fallasa abin da ya sa ubangidansa ya nemi auren, har aka gane wanda yake son ta don Allah.

Abin da na rubuta yanzu taƙaitawa ce, kuma in an tambaye ki ko Ananse uba ne nagari kika rubuta wannan, kin faɗi. Mai cin maki za ta buɗe da matsayinta a jimla biyu: Ananse yana son 'yarsa, amma son bai hana shi mayar da ita jari ba. Sakin layi na farko ta ɗauki wurin da ya sa ta buga wasiƙun da hannunta ba ta san cinikinta ake yi ba, ta nuna abin da wannan ke faɗa game da shi. Na biyu ta ɗauki yadda ya kashe kuɗin da aka aiko, nawa ya tafi ga yarinyar, nawa ga gyaran gida da neman suna. Na uku mutuwar ƙarya: mugunta ce, ko kuwa ita ce kaɗai hanyar da ta rage masa ta gane mai ƙaunar gaskiya? Ta auna, ta yanke hukunci. Sakin layi huɗu ko biyar, kowanne da magana ɗaya da hujjarta. Ki lura, waɗannan ƙananan wurare, irin su buga wasiƙa, su ne taƙaitawa ke zubarwa, kuma su ne makin. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Wasan kwaikwayo kuma ba don a karanta shi shiru aka rubuta ba. Ki nemi ƙawaye biyu ko uku, ku raba taurarin, ku karanta da murya bayan an tashi daga makaranta ko ranar Asabar. Wadda ta zama Ananse na rabin awa ba za ta manta abin da ya ce ba. A wannan wasan ma akwai mai ba da labari da waƙoƙin da 'yan kallo ke amsawa, tamkar ga-ta-nan-ga-ta-nanku a dandali, kuma ana yawan tambaya a kan amfanin irin waɗannan dabaru. Ke da kika tashi da tatsuniya kin fi ɗan Ingila saurin gane wannan.

A wasan waje, in An Inspector Calls na J. B. Priestley kuka zaɓa, ki riƙe shekaru biyu: an rubuta shi a 1945, amma labarin a 1912 yake faruwa. Shi ya sa lokacin da attajirin gidan, Mista Birling, ya bugi ƙirji cewa ba za a yi yaƙi ba kuma jirgin ruwan Titanic ba zai taɓa nutsewa ba, 'yan kallon da suka ga yaƙin duniya biyu suka kuma san jirgin ya nutse a wannan shekarar sun riga sun gane ba mai hangen nesa ba ne. Marubucin bai ce kada a yarda da mutumin nan ba, barin sa ya yi ya tona kansa. Wannan dabara, inda mai kallo ya san abin da mai magana bai sani ba, ita ake kira dramatic irony, kuma in kika iya nuna ta a wuri guda haka, kin fi wanda ya haddace ma'anarta.

Ƙagaggun labarai ba zan daɗe a kansu ba, karatu ne kawai. Babi ɗaya ko biyu a rana, da biro a hannu. Kada ki tsaya wa kowace baƙuwar kalma, ki ja mata layi ki wuce, sai wadda ta hana ki gane jimla gaba ɗaya za ki buɗe wa ƙamus. In kin gama babi, ki rufe littafin ki rubuta layi uku: me ya faru, wa ya canza, me ya sa. Ko da Hausa ne ki rubuta a makonnin farko, ba laifi, tunanin ake so ya zauna. Ki ware shafi guda ga kowane babban tauraro, kina tara abin da ya yi da abin da aka ce a kansa. Kuma tunda lauya kike son zama, in To Kill a Mockingbird na Harper Lee yana cikin zaɓinku, ki ɗauke shi. Labarin lauya ne Bature a jihar Alabama ta Amurka a shekarun 1930, wanda ya tsaya wa baƙar fata da aka yi wa ƙazafi, kuma daga bakin ƙaramar 'yarsa ake jin labarin. Babin zaman kotu kaɗai zai nuna miki yadda ake warware shaidar ƙarya da tambaya. Akwai fim ɗinsa, ki kalla in kin so, amma bayan kin gama littafin, don fim yana yanke abubuwa kuma mai duba takarda yana gane wanda fim ya kalla.

Sai waƙa, wadda kika ce ba ki san inda ta dosa ba. A nan ne ɗalibanmu suka fi raina kansu, kuma abin yana ba ni haushi, don mu mutanen waƙa ne. Kin san kirari. In maroƙi ya ce wa basarake giwa, ba wanda ya taɓa leƙawa ya ga ko yana da haure. Wannan siffantawa ce, ita ce metaphor. In aka ce fari kamar auduga, kamance ne, simile. In aka ce yunwa ta buga ƙofa, mutuntarwa ce, personification. In aka ce ya yi kuka har hawaye ya cika randa, kambamawa ce. Amsa-amo, baiti, ɗango, jigo, salo, duk kin gamu da su a ajin Hausa. Ki ɗauki takarda ki raba ta biyu, hagu sunan Turanci, dama na Hausa da misali daga bakinki. Cikin kwana biyu kin gama da mafi yawan tambayoyi 20 ɗin nan na sanin adabi, kin daina canki-canka.

Kowace waƙa ki karanta ta da murya sau uku kafin ki leƙa bayanin kowa. Sannan ki yi mata tambaya huɗu: wa ke magana, da wa yake, me ya dame shi, kuma a ina muryarsa ta juya? Kusan kowace waƙa tana da inda take juyawa, kuma a nan jigon yake ɓuya. Ɗauki Digging ta Seamus Heaney, mawaƙin Ailan, wadda ke cikin littafin waƙoƙinsa na 1966. Mutum ne zaune a ɗaki da alƙalami a hannu, yana jiyo ƙarar shebur a ƙarƙashin taga, mahaifinsa na haƙa. Sai tunani ya kai shi baya, ga uban yana aikin dankali, ga kakan yana yankar ƙasar da suke ƙonawa a madadin itace, kowannensu gwani. Sai juyin ya zo: shi ba shi da shebur da zai bi sahunsu, alƙalamin nan da shi zai yi tasa haƙar. Yanzu ki cire dankali ki sa gero, ki cire shebur ki sa garma. Ɗan manomi ne da aka kai boko, yana kallon babansa a gona yana jin alfahari da 'yar kunya a haɗe. Kin san wannan yaron, wataƙila a gidanku yake. In kin ga haka kin gane waƙar, saura ki koma ki tsinto kalmomin da ya sa kika ji ƙarar sheburin da ƙamshin ƙasar, ki faɗi aikin da suka yi. Abin da ba na so shi ne ki jera sunayen adon harshe kamar lissafin cefane, akwai kaza, akwai kaza. Ɗaya da kika bayyana amfaninsa ya fi biyar da kika ambata kawai. Daga kowace waƙa ki haddace gajerun ɗangwaye biyu ko uku, daidai yadda suke. Baiwar haddarki a nan za ta yi rana.

Shekisfiya ya rasu tun 1616, Turancinsa ko 'ya'yan Ingila sai an yi musu sharhi, don haka zafin kan ba naki ba ne ke kaɗai. A nan kaɗai na yarda ki fara da taƙaitawa. Ki san labarin Antony and Cleopatra tukuna: jarumin Rum da son sarauniyar Masar ya raba shi da mulki, aurensa da Octavia 'yar'uwar Kaisar don a ɗinke ɓaraka, yaƙin ruwa na Actium inda ya juya ya bi jirgin sarauniya, amininsa Enobarbus da ya gudu ya bar shi baƙin ciki ya kashe shi, da mutuwar masoyan biyu. Daga nan ki nemi bugun da ke da sharhi a gefen shafi, ki bi shi fitowa-fitowa. Tambayoyin nasa iri ɗaya ne: a yanko 'yan layuka a ce wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a ina, me ya faru kafin nan, me wannan kalma take nufi. Saboda haka duk doguwar magana da kika tarar, ki rubuta waɗannan a gefenta da fensir. Minti 20 a rana ya ishe shi. Kada ki bari maki 20 ya cinye lokacin maki 150.

Ga yadda zan raba watannin in ni ce. Wata biyu na farko karatu zalla: bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi da hayaniya, minti 40 na labari; da yamma waƙa ɗaya, a kwana uku a kanta; ƙarshen mako wasa da ƙawaye. Wata na uku ki koma kan littattafan karo na biyu, za ki yi mamakin abin da kika tsallake. Daga nan kuma kowane mako ki rubuta amsa biyu da agogo a gabanki, minti 37, in ya cika ki ajiye biro ko a tsakiyar jimla ne. Minti biyar na farko na tsara abin da za ki rubuta ne a gefen takarda, kada ki yi rowar su. Tsofaffin tambayoyi suna da amfani ko da littattafan sun canza, don yanayin tambayar bai canza ba, kuma sashen sanin adabi da na zube da waƙar da ba a gani ba duk suna nan yadda suke. Amsoshin ki kai wa malamin Turancinku ko wata ɗalibar jami'a a unguwa ta duba. Kuna Zariya, masu karatun Turanci da shari'a ba su yi muku wuya ba. Rashin malami kuwa, ku haɗu ku je wurin shugaban makaranta da ladabi, iyaye ma su sa baki, amma kada ki zauna jiran a kawo. In wani ya ce yana da amsoshin jarrabawa na sayarwa, ki toshe kunnenki; ban da haramci da haɗarin a riƙe sakamako, amsar da ɗalibai hamsin suka kwafa iri ɗaya ita ce ta fi saurin tona kanta.

Maganar Baba ba ta faɗa ba ce. A idonsa littafin labari abin hira ne, kuma tsoronsa kada ki ɓata lokaci, wanda shi ma so ne. Kada ki yi masa gardama. Ki sami lokacin da ya huta, ko ki bi ta wajen Mama, ki nuna masa manhajar da sunayen littattafan a jere, da kuma ƙa'idar JAMB da ta nuna ana neman wannan darasi ga mai son karatun shari'a. In ya ga hukuma ce ta ɗora, ba ke kika zaɓa don nishaɗi ba, ina kyautata zaton shi zai fara tambayar ki babi nawa kika kai. Wata rana ma ki ba shi labarin Ananse da sarakunansa huɗu ki tambaye shi ko uban ya kyauta. Duk abin da ya ce, ki nemi hujjarsa a littafin.

Wannan makon, ki karanta fitowar farko ta wasan Anansewa sau biyu, ki rubuta shafi ɗaya kacal a kan wannan tambaya: Anansewa ta san abin da babanta ke ƙullawa, ko ba ta sani ba, kuma yaushe ta gane? Kada ki buɗe ɗan littafin taƙaitawa. Ki aiko min da shi yadda yake, da kurakuransa, zan duba. Allah Ya ba da sa'a, ki gaida Mama.